Babi na Shida: Allo, Kaya da Idon Mai Saye

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida ta nufi Goronyo zai iya karance rabin kasuwancin yankin bai ga harafi ko ɗaya ba. Tsohuwar taya da aka rataye a reshen dogon yaro tana shaida cewa akwai mai faci a gindin itacen. Galan uku na fetur bisa benci, da mazurari a kife a kan na tsakiya, ɗan bumburutu ke nan. Gwangwanayen madara da aka ɗora kan juna suka yi tsini, ga burodi a jingine, mai shayi ne. Cinyar sa a ƙugiya ba ta bukatar wanda zai ce mahauci ya yi yanka. Waɗannan mutane ba su karanci dabarun talla a ko'ina ba, amma alamarsu tana aiki, domin abu guda take faɗa, tana daidai inda idon mai wucewa zai sauka, kuma yaro da tsoho duk suna gane ta. To sai mutum ya juya ga ginannen shago mai ƙofar ƙarfe, wanda jarinsa ya ninka na mai faci sau hamsin. Bangonsa ya cika maƙil: ga rawayar fostar kamfanin waya, ga jar fostar wani, ga hoton ɗan takarar zaɓen da ya wuce, ga sitikar maganin ciwon kai, ga kalandar bara, sannan can sama ƙarƙashin kwano ga sunan shagon da Turanci, rana ta cinye rabinsa. Baƙo zai tsaya a gabansa ya rasa ko kemis ne, ko tireda, ko wurin cajin waya.

Abin da ya raba mai faci da mai shagon nan shi ne sanin wanda ake yi wa magana, da inda yake tsaye sa'ad da ake yi masa ita. Mai saye yana tahowa ne da tambayoyi huɗu, kuma a jere suke zuwa masa. Yana kan hanya, tambayarsa ita ce me ake sayarwa a nan. Ya iso bakin ƙofa, sai ta koma ko akwai irin wanda yake so. Ya ga kayan, sai ya nemi sanin kuɗinsu. Ya yanke shawara, sai batun yadda zai biya. Hujjar wannan babi ita ce kowace alama a shago, allo ce ko fosta ko guntun kwali, amsar ɗaya ce daga cikin tambayoyin nan, kuma wurinta shi ne daidai inda tambayar take tasowa. Alamar da ta riga tambayarta zuwa, ido zai tsallake ta. Wadda ta zo bayan tambayar ta wuce, ta zama ihu bayan hari. Wadda kuma ba ta amsa kowace tambaya, ta ci wurin wata ne kawai. Tsara alamomi, a taƙaice, bin sawun mai saye ne tun daga titi har zuwa inda zai zura hannu a aljihu.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce a duniya. A Ingila, Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu gidajen giya kafa alama a ƙofarsu a 1393, domin jami'an da ke duba ingancin abin sha su gane su. Da yake yawancin jama'a ba su iya karatu a lokacin, alamomin hotuna ne da sassaƙe-sassaƙe. Gasa ta sa kowa ya riƙa ƙara wa tasa girma har suka toshe titunan Landan suna faɗowa kan mutane, hukuma ta sa aka sauke masu lilo a 1762. Ke nan cunkoson alama tsohuwar cuta ce. Daga baya kantin Bon Marché na birnin Paris, wanda Aristide Boucicaut ya shiga a 1852, ya yi suna da rubuta farashi a jikin kaya. A 1916 Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memfis na Amurka, inda mai saye yake zagawa ya ɗauki kaya da hannunsa. Daga nan alama ta ɗauki aikin da bakin mai shago yake yi. Wani masani ɗan Amurka, Paco Underhill, ya shafe shekaru yana lura da yadda mutane ke tafiya a kantuna, ya kuma bayyana a littafinsa na 1999 cewa wanda ya shigo kanti bai cika ganin abin da ke daf da ƙofa ba, saboda jikinsa da idonsa ba su gama natsuwa ba, kuma dogon rubutu a wurin jira kaɗai ake karanta shi. Darasin yana da amfani, sai dai ba a kwafe shi kai tsaye, domin shagon Wurno ko na Rabah ba irin wancan kanti ba ne.

A yawancin shagunanmu mai saye ba ya shiga ciki. Yana tsayawa a waje ko a bakin ƙofa, teburin gaba ya raba shi da kaya, mai shago yana tsakiya. Wannan tsayuwa tana da sakamako uku da duk mai tsara shago ya kamata ya auna da idonsa. Na farko haske. Mutumin da ya fito daga ranar azahar ta watan Afirilu ya leƙa ɗaki marar taga, duhu yake fara gani, sai bayan ɗan lokaci kantoci su fara bayyana. Abin da zai fara kamawa shi ne fari da rawaya da manyan siffofi, ƙananan rubutu kuwa su ne na ƙarshe. Na biyu, teburin gaba yana ɓoye duk abin da ke ƙasa da ƙugun mai shago, don haka kanta ta ƙasa ma'ajiya ce, ba wurin nuni ba. Na uku, jikin mai shago kansa yana rufe tsakiyar bangon baya. Idan an cire waɗannan, filin da ya rage wa ido ɗan kaɗan ne: sama da kafaɗar mai shago ta dama da ta hagu, da ɓangarori biyu na ƙofa, da saman teburin. Nan ne fadamar shagon, sauran duk tudu ne. Manomin Goronyo ba zai shuka ƙaya a fadamarsa ba, amma mai shago yakan bar kalandar bara ta zauna a wannan wuri mai daraja, ya tura kayan da suka fi kawo masa riba can bayan ƙyaure. Gwajin ba ya cin ko kwabo: mai shago ya fita da tsakar rana ya yi taku ashirin, ya juyo ya taho kamar baƙo, ya lura da abu uku da idonsa ya fara gani. Idan ba su ne abin da yake son sayarwa ba, tsarinsa na bukatar gyara.

Alamar farko, wato ta titi, lissafi ne ke yanke hukuncinta. Babur da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a daƙiƙa guda. Idan ɗan kabu-kabu ya ba allo daƙiƙa uku, to ya hango shi ne daga nisan mita talatin da 'yan kai, kuma abin da zai iya kwasa a wannan lokaci bai wuce kalma uku ko huɗu ba. Masu rubuta alluna suna da ƙa'idar da suka gada, cewa kowane inci guda na tsayin harafi yana karantuwa da kyau daga ƙafa goma, saboda haka allon da ake so a karanta daga tsallaken titi yana son haruffa masu tsayin tafin hannun babba. A irin wannan girma babu wurin sunan mai shago da na mahaifinsa da laƙabinsa da jerin kaya goma sha biyu da lambar waya biyu. Kalmar da ta cancanci babban harafi ita ce sunan sana'a: taki, magani, siminti, ɗinki. Sunan shago ya biyo baya. Haka kuma allon da aka manna a fuskar bango, wanda ya tsaya a gabansa kaɗai yake gani, alhali mai tafe a kan hanya gefe yake fuskanta. Allo mai fuska biyu da ya gitta wa hanya shi ne ke yi wa mai zuwa daga Sakkwato da mai dawowa daga Sabon Birni magana lokaci guda. Sai yanayi. Ranar yamma tana dukan duk shagon da ya fuskanci faɗuwarta, kuma a allon talla na roba launin ja da rawaya ne ke fara gudu, shi ya sa tsofaffin fostoci suke komawa shuɗi-shuɗi. Hadarin damina daga gabas yake tasowa ya yage abin da ba a ɗaure da kyau ba, hunturu kuma ya shafe fari da ƙura. Fentin mai a kan bango ko falange, baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu, ya fi tsada ranar farko amma shi ne mai arha bayan shekara uku.

Za a ce, ina amfanin allo a inda da yawa ba su karatun boko? Amsar tana cikin aljihun kowa. Tsohuwar da ke sayar da daddawa ba ta taɓa rikita naira 200 da 500 ba. Tana gane ta 200, wadda aka fara fitarwa a 2000, da launinta da kuma fuskar Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah. Naira 20 kuwa sunan Murtala ma ake kiranta da shi. Takardar kuɗi tana magana da harshe huɗu a tare: hoto, launi, lamba da rubutu, kuma kowa yana kama wanda ya iya. Haka alamar jam'iyya take tun zamanin fartanyar NPC da tauraron NEPU har zuwa lema da tsintsiya. Kamfanonin waya sun fahimci wannan sarai, shi ya sa rawaya ta zama MTN, ja Airtel, kore Glo, ba sai an karanta ba. Jerin da ya dace da shagon yankin nan ke nan: kayan kansu su fara magana, hotonsu ya biyo, sai lamba, sannan rubutu. Lamba tana da matsayi na musamman, domin wayar hannu ta koya wa miliyoyin mutanen da ba su shiga aji ba karanta alƙaluma. Wanda bai iya haɗa baƙaƙen boko ba yana iya buga lambar ɗansa da ke Legas, don haka zai iya karanta 1,500 a jikin kwali. Buhun taki guda da aka jingine a bakin ƙofa, bakinsa a buɗe, da farashi a soke a kai, ya fi kowane dogon allo bayani. Gani ya kori ji.

Shi rubutun ma akwai tambayar wane iri. Cewa mutanen gabashin Sakkwato ba su iya karatu ba kuskure ne da ya samo asali daga ƙidaya boko kaɗai a matsayin karatu. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake, kuma ƙanwarsa Nana Asma'u ta zauna a garin. Ita kanta ta riƙa zaɓen harshe gwargwadon masu sauraro, ta yi wa malamai Larabci, ta yi wa jama'a Fulatanci da Hausa. Makarantar allo ba ta taɓa yankewa a waɗannan garuruwa ba, kuma wanda ya ratsa ta yana iya fitar da ajami. Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun kuɗi a 2007, ya cire daga naira 100 a 2014, amma har yau yana nan a 200 da 500 da 1,000. Abin mamaki shi ne allunan shaguna sun fi takardar kuɗi gudun ajami. Mai shago yakan biya a rubuta masa Turancin da shi kansa ba ya furtawa, don yana ganin hakan ne wayewa, alhali duk cinikinsa da Hausa ake yi. Tsarin da ya fi dacewa shi ne Hausar boko a sama, ajami a ƙarƙashinta da girma ɗaya, Turanci kuma sai in akwai baƙin da ke bukatarsa, kamar fataken albasa daga kudu. Akwai sharaɗi biyu. Ajami yana son wuri mai tsafta sama da ƙasa, musamman in akwai sunan Allah a ciki, domin jama'a ba sa jin daɗin ganin irin waɗannan haruffa a inda ake takawa ko ake watsa ruwan wanke-wanke. Boko kuma yana son lanƙwasarsa, don mai fentin da ya manta ƙugiyar harafi yakan mayar da ɗakin baƙi ya zama wani abu dabam.

Babban abin da ya dagula bangon shago shi ne kyautar kamfanoni. Wakilin kamfani ya zo da fosta da sitika, wani lokaci har da tayin fente shagon baki ɗaya, mai shago ya karɓa da godiya domin ba a mayar da hannun kyauta baya. Amma ciniki ne ake yi a nan, ko da ba a ambaci kuɗi ba. Kamfani ya samu wurin talla a bakin hanya, mai shago ya samu fenti, kuma ya rasa fuskarsa. Shaguna biyar a jere masu launi ɗaya da tambari ɗaya sun zama 'yan gida ɗaya a idon baƙo, ba abin da zai sa ya zaɓi na uku ya bar na farko. Ba cewa ake a kori fostar kamfani ba, domin tana da aikinta: ita ce ke amsa tambaya ta biyu, wato ko akwai irin wanda ake so. Wurinta gefen ƙofa ne ko kusa da kayan da take tallatawa, ƙasa da allon shago kuma ba ta kai shi girma ba. Sharaɗinta guda, kayan su kasance suna nan. Fostar abin da ya ƙare wata shida da suka wuce tana koya wa mai saye cewa bangon nan ba abin gaskatawa ba ne, kuma da zarar ya koyi haka ya daina karanta har abin da ke gaskiya. Duk ranar da za a manna sabuwa, a ɓamɓare tsohuwa guda.

Akwai shagon da tsarin alama a cikinsa ya wuce batun riba ya zama batun rai, shi ne na kayan noma. Tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a kan kogin Rima a 1984, ga kuma fadamun Wurno da suka yi suna da shinkafa da albasa da tafarnuwa, noman rani ya mayar da taki da iri da maganin feshi manyan kayan kasuwa. Kwalbar maganin ƙwari ko na ciyawa takan zo da zirin launi a ƙasan takardarta, bisa tsarin da hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa: ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore ga mai sauƙi. A jikin zirin akwai ƙananan hotuna na safar hannu da takunkumi da wanke hannu, an yi su ne musamman don wanda ba ya karatu. To amma idan katakon kanta yana da leɓe mai tsayi, zirin ne yake fara ɓoyewa. Idan an jera kwalabe gwargwadon girmansu don su yi kyan gani, maganin ciyawa yakan zauna kafaɗa da kafaɗa da na tsutsa, manomi ya nuna da yatsa daga nesa ya ce a ba shi wancan, kuskuren kwalba ɗaya kuma ya ƙone masa fangalin albasa. Mafi muni shi ne ɗura magani a gorar lemo marar takarda, kamar yadda ake yi da fiya-fiya, a ajiye shi a shagon da ake sayar da man gyaɗa. Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwannin bai-ɗaya a 2019. Gyaran a bayyane yake: maganin ciyawa kanta guda da hoton ciyawa a samanta, na ƙwari kanta guda da hoton tsutsa, masu jan ziri a sama inda hannun yaro ba ya kai, kowace kwalba fuskarta a waje. Haka taki. Yuriya da kamfa ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma lambobin 15-15-15 ko 20-10-10 da ke jikin buhu su ne ainihin sunansa, bai kamata a juya su bango ba.

Hujjar da aka fi kawowa a kan duk wannan ita ce ta sanayya. Mai shago zai ce shekara ashirin yana wurin nan, ba wanda bai san shi ba, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne, babu allon da zai maye gurbin gaisuwa da "mi kaka biɗa?" da tambayar iyali. Sai dai hujjar tana ɗauka cewa garin jiya shi ne na yau. Ranar Lahadi kasuwar Goronyo takan cika da mutanen ƙauyuka da fatake waɗanda ba su san kowa ba sai dillalinsu, haka ranar kasuwar Achida. Rashin tsaro ya kuma tura dubban mutane daga ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa, kamar yadda mutanen Tabanni suka kwararo Gandi a 2018. Duk waɗannan baƙi ne a gaban shago. Kuma ko ɗan gari, sanin mai shago dabam, sanin abin da ya sauke jiya dabam. Mutum yakan yi shekara yana sayen sukari a wuri bai san ana sayar da fitilar sola a can ciki ba, ya hau mota ya je Sakkwato nemanta. Sanayya tana riƙe tsohon abokin ciniki a kan tsohon kaya. Sabon mutum da sabon kaya, ido ne ke haɗa su.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta farashi. Ana cewa rubuta kuɗin kaya yana kashe tayi, kuma tayi shi ne gishirin kasuwa, sannan a zamanin da farashi ke sauyawa kowane mako, musamman tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa zai iya bin sa da fenti? Sai a raba kaya gida biyu. Akwai waɗanda darajarsu take a idon mai kallo, kamar rago da atamfa da buhun albasa, waɗanda kowane ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa. A nan "albarka" da "sallama" suna da aiki, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Akwai kuma kayan kamfani, sabulu da madara da ashana da taliya, waɗanda ba a taya su sai dai a tambaya. Ɓoye farashin waɗannan ba ya ƙara riba, lokaci kawai yake ci, ga kuma zargi. A tuna su wane ne masu sayensu. A gidaje da yawa na yankin uwargida ba ta zuwa shago, yaro take aika. Idan ya dawo da canjin da bai kai yadda take zato ba, mutum biyu ne za su shiga zargi, ɗan aike da mai shago. Farashin da aka rubuta a fili, wanda kowane mai wucewa zai iya shaida, yana wanke su duka. Haka mutumin da kuɗinsa kaɗan ne yake jin nauyin tambaya a gaban jama'a don kada ya ji farashi ya juya. Kwalin farashi yana ba shi damar yin lissafinsa a zuci ya tsira da mutuncinsa. Batun sauyin farashi kuwa, abin da ba ya sauyawa shi ake rubutawa da fenti, wato sunan kaya, a bar gurbin lamba ga alli. Ƙasar da kowane yaro ya iya wanke allo ya sake rubutu ba za ta rasa dabarar wannan ba.

Alama ta ƙarshe sabuwa ce. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya tilasta wa har masu tireda buɗe asusu, kuma tun daga lokacin lambar asusu mai alƙaluma goma ta zama wani ɓangare na bangon shago. Sau da yawa ana rubuta ta da biro a gefen kwali, ko can bayan mai shago inda sai an ɗaga murya ana karantowa, ana maimaitawa, ana kuskure. Wurinta saman teburin gaba ne ko jikin ƙofa daidai ƙirjin mai tsaye, inda hannunsa yake riƙe da waya. A rarraba ta uku, uku, huɗu, a sa sunan banki da sunan da zai fito a waya, domin mai turawa ya tabbatar kafin ya danna. Lamba guda ta isa, uku rikici ne. Nan ne kuma, a wurin jiran shigowar alat, mai saye yake da daƙiƙu talatin na zaman banza, saboda haka nan ne kaɗai ɗan dogon bayani zai samu mai karanta shi, kamar sanarwar sabon kaya ko ranar da ba a buɗewa. Ita kuwa sanarwar hana bashi da wasu ke kafawa da manyan haruffa a kan ƙofa, ta amsa tambayar da ba a kai ga yi ba, ta kuma tarbi mai kuɗi a hannu da fuskar tuhuma. In dole ne, ta koma kusa da aljihun tebur, ƙarama.

Saura hujja biyu da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Ta farko tsoro. A yankin da aka kai wa kasuwar Goronyo hari a watan Oktoban 2021, kuma satar mutane don kuɗin fansa ta zama abin da ake lissafawa kafin a yi sabon gini, mai shago yana da dalilin ƙin duk abin da zai nuna yana da hali. Wasu kuma suna gudun idon masu karɓar haraji. Wannan tsoro ba abin raini ba ne, kuma shi ya sa abin da ake ba da shawara a nan ragi ne fiye da ƙari. Allo mai kalma biyu da hoton buhu ba ya nuna dukiya, sana'a yake nunawa. Ana iya barin cikakken suna da lambar waya daga allon titi, ciniki ba zai ragu ba. Ta biyu ita ce ƙyamar hoton mai rai, musamman fostocin man shafawa da na sabulu masu ɗauke da mata, waɗanda dattawa da yawa ba sa son tsayawa a gabansu. Wannan ma ba ya rushe komai, domin hoton da shago yake bukata na kaya ne: almakashi, injin ban ruwa, kwalba, buhu. Magina da dukawa da masu ɗinkin hula sun daɗe suna ƙawata abu da zayyana da dagi ba tare da fuska ko ɗaya ba.

A ƙarƙashin duk waɗannan ƙa'idoji akwai wata da ta girme su. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zura hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Tsibin hatsi shi ne nunin kaya na farko, kuma hukuncinsa ya hau kan duk abin da ya biyo baya. Manyan albasa a bakin buhu da ƙanana a gindi alama ce ta ƙarya. Kwalin da ya ce 1,500 alhali baki zai ce 1,700 alama ce ta ƙarya. Hoton injin asali a kan kwalin jabu, haka. Gwanintar jera alamomi tana iya jawo mutum daga titi zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa tebur, amma sau ɗaya take iya yin hakan da yaudara, kuma a gari kamar Rabah ko Wurno labari yana riga mai shi isa gida. Mai facin nan na gindin dogon yaro, ranar da ya tashi daga wurin yakan kwance tayarsa ya tafi da ita, don kada wani ya turo babur daga nesa ya tarar ba kowa.